Karnukana Goma Sha Ɗaya

Ku mayar da wayar nan aljihu, na ga hoton. Kare ne mai gashi buzu-buzu har ba a ganin idonsa, an ɗora shi a kan kujerar da ni ban taɓa zama a irinta ba. Kun ce a Kano ana sayar da kwikwiyonsa ɗaya kuɗin bijimi. Ku uku a kan babur ɗaya tun daga Gaya har nan Toranke, kuma na san kafin ku iso kun gama rabon riba: karya guda, 'ya'ya takwas, haihuwa biyu a shekara, sai sayen mota. Da na tambaye ku me kuka sani game da kare, kai mai jar hular nan ka ce, "Baba, ni tun ina yaro nake son karnuka." Ni ma tun ina yaro nake son kilishi, amma har yau ba wanda ya kira ni mahauci.

Sunana Habu, amma daga nan har Ajingi in ba ku ce Habu Mai Karnuka ba, ba wanda zai nuna muku gidana. Ba sunan yabo ba ne. Na fi shekara talatin ina kiwon karnukan farauta da na gadin gona. Tun da kun ƙona mai kun zo, sai ku gyara zama ku ji.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan cire kaska ne. Ina saurayi lokacin, na kusa aure, na je Kademi wurin wani tsohon maharbi, Baba Tanko, wanda duk mai neman kare na ƙwarai a ƙasar Gaya wurinsa yake zuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so ya koya mini, don ina son karnuka. Ko kai bai ɗago ba. Ya turo mini wani gwangwani mai ɗan kananzir a ciki, ya nuna wata tsohuwar karya da ke kwance a gindin bishiyar maina, ya ce, "Ga wadda za ka fara so." Kunnuwanta cike suke da kaska kamar an jera wake. Ana kama kaska ne daga baki, dab da fata, a ja a hankali. In ka matse cikinta ka ɗura wa kare dattinta, in ka fizge ka bar kanta a ciki ya zama gyambo. Ka duba cikin kunne, da tsakanin yatsu, da hammata, da ƙarƙashin wutsiya. Kowacce ka cire ka jefa ta a kananzir, don in ka yar a ƙasa, gobe jikokinta za su zo gaishe ka. Na gama da la'asar, na miƙe ina jiran a ce mini sannu. Baba Tanko ya ce, "Ka cire ta jikinta. Ta bango fa?" Ashe a tsagar bango kaska take zama. Sai da na kwashe shimfiɗar karan da karnuka ke kwanciya a kai na ƙone, na bi kowace tsaga da toka mai zafi, na yaɓe da sabuwar ƙasa. Wata huɗu ina wannan, da kwasar kashi safe da yamma, kafin ya yarda na riƙe igiyar kare zuwa daji.

Kayan aikinmu ba masu kyau a hoto ba ne. Tsintsiya ce, da shebur, da turke, da sarƙa, da tukunya. Tukunyar karnuka daban, muciyarsu daban, kowane kare da kaskonsa, kuma ba ɗaya da ke ƙetare ƙofa zuwa madafin gida. Ranar kasuwar Ajingi nakan bi mahauta in tara ƙashi da ragowar kayan ciki, in bi gidaje in karɓi ƙanzo, in haɗa da dusa in dafa har ya yi kauri, in bari ya huce sarai kafin in raba. Kullum ne wannan, har ranar Sallah, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai. Kare bai san an yi rasuwa a gidanku ba. Sannan riga biyu ake yi, ta aiki tana rataye a bayan gida, ba ta zuwa ko'ina. Ranar da na yi mantuwa na shiga sahu da ita, na dama ya matsa, na hagu ya matsa, aka bar mini fili har na zama kamar ni ne liman.

Da na ambaci liman, wa kuka tambaya a cikinku? Ni kafin in karɓi sisin kowa sai da na je na zauna gaban limaminmu. Ya ce an yarda a riƙe kare don gona, ko garke, ko farauta, amma batun kuɗinsa malamai sun saɓa, kuma da yawa gudunsa suke yi. Shi ya sa Baba Tanko har ya bar duniya ban taɓa jin ya ce ya sayar da kare ba, sai dai ya ce, "Ka ba ni ladan reno." Ku kuwa kuna shirin liƙa farashi a waya duniya ta gani, alhali ko mahaifinku ba ku tambaya ba ko zai bari kare ya wuce ta zaurensa. Kai, gidan haya kake ko? To, mai gidan ma bai ji labari ba tukuna.

Haihuwar farko da na gani a gidana, bayan na yi aure na dawo Toranke, ita ta koya mini abin da son kare yake jawowa. Baba Tanko ya sallame ni da karya guda, ja mai farin ƙirji. Na ja katanga a bayan gida, na fasa ƙofa ta wajen gonaki, na yi rumfa. Ta haifi bakwai. Kafin su buɗe ido na raɗa wa kowanne suna. Da aka yaye su masu nema suka fara zuwa, ni kuma na fara tsirfa. Wannan fuskarsa ba ta yi mini ba, wancan na ji an ce yana dukan jakinsa, wannan kuma gidansa ya yi nisa ba zan riƙa ganin karen ba. Duk na kore su. Ba wanda ya gaya mini kwikwiyo ɗan wata biyu kowa na so, ɗan wata shida kuwa, in ba a hore yake ba, ciki ne kawai mai ƙafa huɗu. Kafin kaka sun ci rabin dawata. Wata rana mai ɗakina Maimuna ta fito daga rumbu da kwano a hannu, ta ce, "Malam, rumbun nan ɗaya ne. Ka faɗa mini wa zan auna wa, mu ko su?" A satin na rabar da biyar, uku ma kyauta, ina roƙon mutane su karɓa. Mai son kare ba ya iya rabuwa da shi, wanda kuma ba ya iya rabuwa da shi ba ɗan kasuwa ba ne, bawan karnuka ne.

Masu zuwa neman kare kuwa iri-iri ne. Ɗan farauta ba ya sauraron bakinka. Zai buɗe bakin kwikwiyo ya duba dasashi, in ya gan shi fari ya san tsutsa ta cinye shi. Zai buga kwano a bayansu ya ga wanda ya waiwayo wajen ƙarar da wanda ya ruga gindin uwa. Bafulatani ƙafafu yake kallo, ya yi awa guda a tsugune, sannan ya nuna da sanda, kuma wanda ya nuna ɗin shi ne wanda ka so ka bar wa kanka. Da waɗannan ba ni da matsala. Matsalar tana wurin irin wani manomin gyaɗa da ya karɓi kare a wurina don korar birai da gafiya. Bayan sati biyu ya dawo da shi a ɗaure a bayan keke, ya ce na cuce shi, karen ba ya haushi. Na duba, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa daga nesa. Na ce, "Me kake ba shi?" Ya ce, "Ba shi kamar yaya? Ba kare ba ne? Ai shi ke neman abinsa." Na ce, "A ɗaure a turke?" Ya ce ai in ya kwance shi gudu zai yi. Na karɓi karena na mayar masa da abin da ya ba ni, na ce ya je ya kafa mutum-mutumi, shi ne ba ya cin abinci. Akwai kuma masu kuɗi da ke zuwa su ce, "Ina son mugu, wanda zai yaga mutum." Ba sa tunanin mutumin farko da zai shigo gidan nasu surukinsu ne, ba ɓarawo ba.

Duk wannan wasa ne a kan shekarar da zan ba ku labari yanzu, kuma a cikinta ba wanda ya kai ni wauta.

Lokacin Baba Tanko ya rasu, ni ake yi. Karnukana goma sha ɗaya, babbarsu wata karya mai suna Ƙyale-su, jikar waccan ja ta farko. Mun saba raɗa wa kare sunan habaici, don duk lokacin da ka kira shi maƙwabta su ji saƙo. Ba ta taɓa sakin sawun zomo ba, kuma 'ya'yanta tun suna ciki ake kama su. Likitan dabbobi yakan zagayo da rani yana yi wa karnuka allurar rigakafin hauka, ni kuwa ban taɓa kai ko ɗaya ba. Mafarauta suna cewa allura tana kashe wa kare hanci, ni ma ina maimaitawa da ƙarfi a majalisa. Gaskiyar magana, kuɗin nake ƙyashi.

Gab da damina wata mota ta tsaya a ƙofar gidana. Wani babban ma'aikacin gwamnati ne mai gidan gona a hanyar Ajingi, ba sai na faɗi sunansa ba, mu ce Alhaji. A bayan motar akwai wani ƙaton kare irin na 'yan sanda, baƙin baya, kunnuwa a tsaye, kansa ya kai ƙwarya. Alhaji ya ce, "Malam Habu, an ce karyarka ba ta da na biyu. Ka haɗa su. Ƙarfin nawa da hancin taka, 'ya'yan a Kano za a sayar, mu raba." Ya faɗi abin da ake biya a can. Irin lissafin da kuka yi a kan babur, ni a tsaye na yi shi a ƙofar gidana, da furfurata.

Na ga wani tabo a ƙafar karen ta gaba, bai gama warkewa ba. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce, "Wayar shinge ce ta yanke shi." Waya ba ta yin huda biyu a jere, na sani sarai. Kuma ƙa'idar da na koya a Kademi ita ce baƙon kare ba ya shiga cikin naka sai ya yi wata biyu a ɗaure can a gona shi kaɗai, kana kallon take-takensa. Amma a satin Ƙyale-su take neman namiji, in ya wuce sai bayan wata shida. Da hannuna na buɗe ƙofa na shigar da shi.

Sati uku lafiya lau. A na huɗu karen da ke cin rabon uku ya ƙi abinci. Ya koma bayan tukunya inda ke da duhu ya kwanta. Ya riƙa kai wa iska cafka kamar mai kama ƙuda, alhali ba ƙuda. Muryarsa ta dushe, haushin ya koma kamar kukan jaki mai mura. Da yamma ya faɗa wa sauran karnukan, kafin in raba su ya ciji na ciza, har da Ƙyale-su a wuya. Na san abin da nake gani. Wanda ya yi shekaru a sana'ar nan ba ya buƙatar a gaya masa. Amma na ce wa kaina zafin bazara ne, karen Turawa bai saba ba. Abin da ya kamata shi ne in kashe shi a ranar in kira likita. Sai na tsaya tunanin karen mai kuɗi ne, me zan ce wa Alhaji. Na yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka. Na ɗaure karen shi kaɗai da wata tsohuwar sarƙa wadda zobenta ɗaya ya taɓa tsinkewa na ɗaure da waya. Sabuwar sarƙa ba ta kai kuɗin buhun dusa ba, ita ma ƙyashinta na yi.

Maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya wata dattijuwa ce, Gwaggo Hajara, mai ƙuli-ƙuli. Duk unguwar ita kaɗai ce ba ta taɓa kai ƙarata wurin mai unguwa a kan haushi ko wari ba. In ta gama suya takan tara ɓarɓashin ƙuli ta kawo mini in zuba wa karnuka a abinci, ta ƙofar baya take shigowa ba sallama mai tsawo, don duk sun san ta. Kwana biyu bayan na ɗaure karen, da hantsi, ina tsugune ina tuƙa dusa, ta turo ƙofa da ƙwarya a hannu. Ban gaya mata komai ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada magana ta fita. Karen ko haushi bai yi ba. Na ji ƙarar sarƙa, na waiwaya, ya riga ya kama ta a sharaɓa. Gatarin faskare ne kusa da ni, da shi na gama da shi, kuma sai da na sa muciya na ɓamɓare bakinsa daga ƙafarta.

Mutane suka cika gidan. Ɗanta Sabi'u, magidanci ne mai 'ya'ya, ya shigo da gudu, wani kuma har ya yanko gashin karen zai ƙona a shafa a ciwon, wai shi ne magani. Abu ɗaya na taɓa tsinta daga bakin likitan nan da nake gudu, cewa cizon kare sabulu da ruwa mai yawa ake fara yi masa. Na ce wa Maimuna ta kawo. Ita ta riƙe ƙafar tana cuɗawa, ni ina zuba ruwa, har tulu biyu suka ƙare. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Habu, wankin nan ya fi cizon zafi." Sabi'u ya ce, "Wane irin kare ne wannan, Malam Habu? Lafiyarsa ƙalau?" A gaban jama'a na ce, "Ba ƙalau ba. Kwana uku ke nan ina zarginsa." Ya dube ni ya ce, "Kwana uku." Ya sunkuya ya ɗauki mahaifiyarsa.

A asibitin da ke kusa da mu aka wanke ciwon aka ɗaure, aka ce allurar sai Kano, kuma a yau, kada a kwana. Muka shiga motar haya mu uku. A can aka yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye: ba allura ɗaya ba ce, sai an yi ta dawowa har kusan wata guda, kuma in aka yi sakaci ciwon ya bayyana a jikin mutum, ba mai iya tsayar da shi. Washegari na kai bijimin huɗata kasuwa. Mai saye ya ga idona ya san a matse nake, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Da fartanya na yi noman shekarar, rabin gonar ma ciyawa ta cinye.

Likitan dabbobi ya zo, ya yanke kan karen ya sa a ƙanƙara ya aika gwaji. Ya ce in kawo takardun rigakafin sauran. Na ce babu. Ya ce, "Ko na ɗaya?" Na ce ko na ɗaya. Ya ce, "To nuna mini wanda ka tabbata bai ciza ba, yawunsa kuma bai taɓa shi ba." Sati huɗu suna ci wuri ɗaya suna lasar juna, wa zan nuna? Da sakamako ya dawo hauka ce, dagaci ya tara mu a ƙofar gidansa. Sabi'u ya ce shi ba ya neman komai a wurina, amma ya kwana da 'ya'yansa katanga ɗaya da karnuka goma sha ɗaya da ba a san wanda zai haukace gobe ba, wannan ba zai yiwu ba. Dagaci ya ce, "Likita, me ka gani?" Likita ya ce, "Ranka ya daɗe, duka za a kashe." Dagaci ya juyo gare ni ya ce, "Habu, kana da magana?" Na ce, "Ba ni da ita, ranka ya daɗe." Aka sa jibi.

Alhaji sai a ranar zaman nan ya samu sukunin zuwa. Bai tambayi Gwaggo ba. Cewa ya yi, "Ka san nawa na sayi karen nan kuwa, ka sa masa gatari?" Na ce masa in yana son kan, yana wurin gwaji. Daga baya mai gadin gonarsa ya gaya mini wani karen daji ne ya shigo suka yi faɗa kwanaki kaɗan kafin a kawo mini shi, kuma an sanar da Alhaji a ranar. Ba abin da ya same shi. Na ji an ce ya sayi wani.

Ramin da na haƙa a ƙarshen gonata ya kai mini ƙirji, don kada wata dabba ta tone. Yini guda na yi a kansa, ƙasar bazara kamar dutse. Da safiyar ranar, kafin likita ya iso, na sa wa Ƙyale-su igiya. Cikinta ya fara fitowa, 'ya'yan nan na Kano ne a ciki. Ina da wani aboki a ruga bayan Toranke, na ce in kai masa ita ya ɓoye mini, in ce ta tsere. Na zo fita na tarar da Maimuna tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ina za ka da ita?"

Na ce, "Nata ba cizo ba ne sosai, ƙujewa ce kawai."

Ta ce, "Na Gwaggo ma haƙori huɗu ne. Su 'ya'yan rugar ba mutane ba ne?"

Na ce ta matsa. Ta ce, "Ba zan riƙe ka ba. Amma in ka fita da ita, ni zan je in faɗa wa dagaci inda ka kai ta, da bakina." Shekararmu ashirin tare ba ta taɓa yi mini irin wannan magana ba. Na mayar da karyar turke.

Allurar kisa likita ya yi musu, amma ni na riƙe kowanne, don ba wanda za su yarda ya taɓa su sai ni. Ana ɗaure baki da tsumma, a zagayo ta bayan kunne a ƙulle, ka rungume ƙirjin ka miƙa ƙafar gaba. Ba wanda ya yi gardama. In na kira suna sai ya taho yana kaɗa wutsiya, don haka na hore su. Karen da ya fi jin kira shi ya fi sauƙin kashewa. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka ake faɗa, amma wanda ya fara faɗar bai kira kazar da suna ta zo da kanta ba. Ƙyale-su ce ta ƙarshe. Kafin azahar an gama. Na kwashe su a amalanken aro, na zuba, na rufe, na jera ƙaya a kai. Na dawo na ƙone rumfa da shimfiɗa da igiyoyi, na farfasa kasake da tukunyar, na bi bango da wuta.

Sai bayan shekara biyu na sake riƙe kare, kuma a gona, ba a cikin gari ba, haka dagaci ya gindaya. Ba na wuce biyar, kowanne da takardar allurarsa, kuma har yau ban ga wanda hancinsa ya mutu ba.

Gwaggo Hajara ta rayu. Duk zuwa Kano ni na raka ta, ko Sabi'u ya je ko bai je ba. Ranar allurar ƙarshe mu biyu ne, muna kujerar baya a motar dawowa, ƙafarta a miƙe a kan wani buhu. Can ta ce, "Habu, an ce ka so ka gudu da mai cikin nan."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."

Ta ce, "Bayan ka ga ƙafata?"

Na ce, "Bayan na gani."

"Me ya hana ka?"

Na ce, "Maimuna ce ta tare ƙofa."

Muka haye gadar Wudil. Sannan ta ce, "Cizon kare ƙaddara ce, na yafe tun a ranar. Kwana ukun da ka yi shiru ma na yi ta ƙoƙari in yafe. To yanzu na gane wa ke da hankali a gidanku. Ita zan ci gaba da gaisarwa."

Kuma ta cika maganarta. Kullum da safe takan leƙo ta kan katanga ta ce, "Maimuna, kin tashi lafiya? Ya yaran?" ina zaune a tsakar gida ina ji. In na gaishe ta takan amsa, don ba ta yarda da gaba ba, amma kamar yadda ake amsa wa baƙo a kasuwa. Shekara shida ta ƙara a duniya tana ɗingishi da ƙafar nan, kuma har aka kai ta makwancinta ban sake jin sunana a bakinta ba.